Gargaɗi ga mutanen Jos kan mai sayar da "rigakafin kansa" a leda

Jama'ar Jos, musamman na Rikkos, Gangare da Anguwan Rogo, don Allah ku karanta, ku kuma gaya wa iyayenmu da ba su da babbar waya.

Akwai wani mutum da ke bin unguwanni da mota mai lasifika, yana kuma yaɗa saƙon murya a WhatsApp, wai yana da rigakafin ciwon daji, wato kansa. Ƙwayoyi ne kala uku a ƙulle cikin leda, ba kwali, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa. Yana cewa kumburin cikin jiki ne ke haifar da kansa, duk wanda ya sha safe da dare har wata uku ya tsira. Gwaggona ta saya. Sankarar mama ce ta yi ajalin yayarta, tun daga nan tsoro bai bar ta ba, kuma ta wannan ƙofar ya shigo mata.

Sati biyar tana sha ba mu sani ba. Sai ciwon ciki, sai bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, har ranar da jiri ya kayar da ita a bakin murhu. A asibiti aka ce gyambon ciki ne ke zubar da jini, sai da aka ƙara mata jini leda biyu. Da na tambaye ta dalili, cewa ta yi, "Ɗan nan, ba na son in mutu irin mutuwar Yaya." Mun kai ragowar ƙwayoyin, mai harhaɗa magunguna ya gane biyu: daikulofenak da firoksikam, magungunan rage kumburi da raɗaɗi da ake ba masu ciwon gaɓɓai. Haɗa su biyun kaɗai ganganci ne, balle a yi makonni ana sha. Suna cin bangon ciki, suna taɓa ƙoda, suna ɗaga hawan jini.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, ƙaryarsa a kan guntuwar gaskiya ya ɗora ta. An yi bincike kan ko magungunan rage kumburi irin su asfirin na hana kansa, haka ne. A 2011 masana ƙarƙashin jagorancin wani likita a Ingila suka nuna asfirin na rage kansar hanji ga masu wata larurar gado da ake kira Lynch. To waɗannan mutane ne da aka gwada aka tabbatar suna da ita, likita na bibiyarsu. Da aka gwada ƙaramin asfirin kullum a kan tsofaffi masu lafiya kusan 19,000 a Ostareliya da Amurka, sakamakon 2018 ya nuna zubar jini ya ƙaru, waɗanda kansa ta kashe ma sun ɗan fi yawa a cikin masu shan. Vioxx kuwa, wani maganin rage kumburi da raɗaɗi, ana tsakiyar gwada shi don hana tsiro a hanji aka ga yana jawo bugun zuciya, aka janye shi daga kasuwa a 2004. Ko ɗaya mai lasifika ba zai faɗa muku ba, kuma ba asfirin ɗin ma yake sayarwa ba.

Mai neman kariya ta gaske, akwai allurar HPV da Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a Oktoban 2023, saboda kansar bakin mahaifa. Akwai allurar ciwon hanta nau'in B, ciwon da ke iya kaiwa ga kansar hanta. Wadda ta ji ƙullutu a mama ta tafi asibiti tun yana ƙarami.

In akwai ledar nan a gidanku, a daina sha yau, kada a zubar, a kai wa likita ya gani, a kuma kai rahoto NAFDAC. Wanda ya ga baƙin bayan gida ko aman jini kada ya jira gari ya waye. Gwaggo ta dawo gida, amma har yanzu gwajin ƙodarta muke jira. Ku sa ta a addu'a.