Dajin Lekki Conservation Centre: ya dace da bikin zagayowar ranar haihuwar yaro?

Iyalan da ke zaune a Agege, Idi-Araba ko Mile 12 a Legas sun san yadda abin yake. Gidan haya ne, tsakar gida ta mutane da yawa ce, ga yaro ya ƙwallafa rai sai an tara masa abokansa. Kama zauren biki kuma don yara 15 ɓarnar kuɗi ce. Ga mai neman inda yara za su wataya su sha iska, dajin Lekki ya cancanci kuɗinsa, musamman idan mai bikin yana tsakanin shekara 5 zuwa 12. Sai dai wuri ne da ke buƙatar shiri, wanda ya je da ka zai dawo da ɓacin rai.

Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ce ta kafa wurin a 1990, a kan babban titin Lekki zuwa Epe, daura da kamfanin Chevron. Faɗinsa hekta 78, wani sashe daji ne mai fadama, wani kuma fili ne mai ciyawa. Da an shiga ƙofa ake fara cin karo da dawisu suna yawo. Daga nan sai doguwar hanyar katako da aka shimfiɗa a kan fadamar, wadda ta kusa kilomita biyu. A ɓangaren filin ne aka yi dandalin iyali, mai rumfunan zama, da tafkunan kifi, da manyan allunan wasa da aka zana a ƙasa, irin su ludo da dara da wasan maciji da tsani, inda yaro da kansa yake zama ɗan wasan. Nan ne wurin biki, kuma ya isa ya riƙe yara awa uku ba wanda ya ce a tafi gida.

Abin da ya fi yi wa wurin suna shi ne gadar sama mai lilo da aka buɗe a 2015. Tsawonta mita 401, ita ake kira mafi tsawo a Afirka, kuma tsakiyarta ta haura mita 20 daga ƙasa. To amma ba a barin ƙananan yara su hau, kuɗinta ma daban yake da na shiga. A nan ne bukukuwa da yawa ke dagulewa: an nuna wa yaro hoton gada tun a gida, an zo an ce ba zai hau ba, sai kuka ya ɓarke kafin a yanka kek. Iyaye su faɗa wa yara gaskiya tun daren jajibiri. Manyan da ke son hawa su raba kansu biyu, rukuni ɗaya ya tsaya da yara. Mai hawa ya sani gadar tana rawa sosai idan na gaba ya yi sauri, kuma ba a juyowa cikin sauƙi idan an yi nisa. Mata masu dogon hijabi su tattare shi, hannu biyu ake buƙata don riƙe igiya.

Sai batun birai, wanda shi ne ainihin jarrabawar ranar. Sun saba da mutane, ba sa tsoro, kuma sun gane ƙarar leda. Biri zai zauna a kan madogarin hanyar katako kamar bai damu da kowa ba, yaro na fito da biskit sai ya diro ya fizge ya haye reshe. Yaron da ya riƙe ƙam ya ƙi saki shi ne ke cikin haɗarin yakushi ko cizo, wanda kuma dole a wanke da sabulu da ruwa mai yawa a wuce asibiti a ranar. Saboda haka kada a ɗauko komai a leda. Abinci a kula mai murfi, ƙananan kaya a jakar baya mai zif, hannun kowane yaro babu komai har a isa rumfa. Kada a ba su ayaba don a ɗauki hoto, ɗaya za a ba, biyar za su sauko.

Da ƙafa ake kai kaya dandalin, don haka a rage nauyi. Ga yara 15 da manya 6, derika (gwangwanin awo na Legas) huɗu ta shinkafa dafa-duka ta wadatar, da kaza biyu zuwa uku da aka yanka ƙanana aka soya ta bushe. A zuba wa kowa nasa a robar da ke rufuwa tun daga gida, rabon abinci daga tukunya a fili yana jawo ƙuda da birai. Cincin da fanke suna jure zafi. Miya mai ruwa da salak mai mayonis a bar su a gida. A sha kuwa, zoɓo ya fi kunun aya, domin kunun aya yana tsami cikin 'yan awanni idan ƙanƙara ta narke. A daskarar da gorunan zoɓo da na ruwa tun dare, su za su zama ƙanƙarar kula, kafin azahar sun narke daidai sha. A yi lissafin aƙalla lita ɗaya ta ruwa ga kowane yaro, zafin Legas mai gumi ne.

Kek yana son kulawa ta musamman. Mai adon bota a sama ba ya kai wa rumfa da kyan gani, tafiyar mota da rana suna narkar da shi, sunan yaron ya zame gefe guda. A sa mai gasa kek ya yi wanda ba shi da ado mai laushi, hawa ɗaya, a saka shi a kwali mai ƙarfi, babba ɗaya ya riƙe shi a kwance. A yanka da an isa, kafin wasa. Iska tana kashe kyandir, ashana ba ta wadatarwa, a zo da laita. Balan-balan ba su dace da wurin ba, suna fashewa su bar tarkacen da dabbobi ke haɗiyewa. Babbar lasifika ma haka. A riƙo buhun shara, a kwashe komai.

Rumfa ana biyan kuɗinta daban, kuma ranakun Asabar da hutun Sallah da Kirsimeti tana ƙarewa da wuri. A tuntuɓi ofishinsu kwana biyu kafin ranar, a ji farashin ranar da ƙa'idar shigo da abinci. Babba ɗaya ga yara huɗu shi ne daidai a hanyar katako, mai tatata kuma a goya shi. Kambas da dogon wando sun fi silifas, saboda sauro da kuma santsin katako idan an yi ruwa. Watan Yuni da Yuli ba lokacin zuwa ba ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi. A saka darduma da buta a kaya.

Masu shirin fita waje yawon buɗe ido kan kwatanta wurin da dajin Kakum na ƙasar Ghana, kusa da Cape Coast. Gadar can ta fi gajarta, kimanin mita 350, amma ta fi nisa daga ƙasa, dajin kuma ya fi girma da duhu nesa ba kusa ba. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa Ghana saboda yarjejeniyar ECOWAS, sai fasfo da katin rigakafin shawara. Kafin a kashe kuɗin jirgi, gwada manyan yara a gadar Lekki zai nuna wanda ke tsoron tsayi.

Daga Agege a tashi da ƙarfe bakwai na safe, a bi gadar Third Mainland a ratsa Ikoyi, a isa kafin rana ta ɗaga da kuma kafin layin sayen tikiti ya yi tsawo. Na Obalende hanyarsu ta fi kusa. A fara da zagayen daji yara na da ƙarfi, abinci ya biyo baya. Da ƙarfe uku a kama hanyar gida, domin cunkoson titin Lekki na yamma yana iya cinye awa biyu, ga yara sun gaji a mota.