Wata uku ina amfani da intanet "marar iyaka": abin da na gani

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce a Zariya, kuma rabin aikin a gaban kwamfuta ake yin sa bayan an watse. In na gama haɗa bidiyo sai na tura wa masu shi, wani yana Abuja, wani yayan amarya ne yana Jidda ya matsu ya ga yadda aka yi. Kamu da ɗaurin aure da walima in aka haɗa su wuri ɗaya sukan haura giga goma. Shi ya sa da na ga tallar wani kamfani cewa yana da tsarin wata-wata marar iyaka, ban tsaya dogon tunani ba. Na sayi na'urarsu ta gida, wadda ake ce wa rauta, na biya kuɗin wata.

Zan fara da alherinsu, don akwai shi. Haɗa na'urar bai ɗauke ni minti goma ba. Sabis ɗinsu yana kamawa har cikin ɗakin aikina, inda layin wayata kan ɗauke. Makonni biyun farko kuwa sai hamdala: in na ɗora bidiyo bayan isha'i, kafin in kwanta ya tafi.

A rana ta goma sha bakwai ne abin ya canza. Na ɗora bidiyon wani biki da daddare, da asuba na dawo na tarar yana kan kashi 41 cikin ɗari. Fitilun rautar duk kore ne. Na kashe na kunna, na ɗauke ta na kai bakin taga, na cire layin na goge na mayar, shiru kake ji. Uwar amarya ta kira ni sau uku a ranar, a na ukun ta ce, "Malam, in ba za ka iya ba ka faɗa mana." Maganar ta yi mini zafi ƙwarai, domin aikin na nan a gabana a kammale, hanyar tura shi ce aka ƙuntata.

Da na kira sashen kula da abokan hulɗa, wata baiwar Allah ta ɗauka cikin ladabi. Ta duba ta ce, "Yallaɓai, ba matsalar sabis ba ce. Ka cinye kason da ke tafiya da cikakken gudu, yanzu an rage maka har ƙarshen wata." Na ce ai marar iyaka na saya. Ta ce haka ne, ba za a yanke ni ba, gudun kawai ake ragewa, kuma yana rubuce a cikin sharuɗɗa. Na je na nema, na same shi can ƙasan shafinsu da ƙananan haruffa. A jikin kwalin babu, a tallar babu, wanda ya sayar mini ma bai ambata ba. Kafin mu rabu ta ba ni shawarar in ƙara sayen wani ɗan tsari mai rahusa na Facebook da WhatsApp da YouTube kaɗai.

Wannan shawarar ta fi ragin gudun tsaya mini a rai. Ni ba a waɗannan dandali nake tura aiki ba, ma'ajiyar fayil nake amfani da ita. Wato kamfanin da na biya don ya kai ni ko'ina a intanet ya zaɓi wasu ƙofofi ya sauƙaƙa kuɗinsu, sauran kuma sai mai hali. A kan irin wannan ne aka daɗe ana ja-in-ja a Amurka. Wani malamin shari'a, Tim Wu, shi ya raɗa wa batun suna "net neutrality" a 2003, kuma ma'anarsa ita ce kamfanin intanet ya zama ɗan ba-ruwanmu: kada ya toshe, kada ya rage gudu, kada ya fifita wani shafi a kan wani. A 2007 aka gano kamfanin intanet na Comcast yana katse wa masu amfani da BitTorrent, wata hanyar musayar manyan fayiloli, hanya a ɓoye. Kamfanin waya na AT&T kuma hukumar kare masu sayayya ta ƙasar ta kai shi kotu a 2014 kan rage gudun masu tsarin marar iyaka ba tare da cikakken bayani ba, daga baya a 2019 ya amince ya biya dala miliyan 60. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na 2018, lokacin da kamfanin waya na Verizon ya rage gudun layin 'yan kwana-kwana na gundumar Santa Clara suna tsaka da kashe gobarar daji a Kalifoniya. Su ma tsarin marar iyaka ne da su.

Dokar da ke tilasta wa kamfanoni zama 'yan ba-ruwanmu ita kanta ba ta zauna wuri ɗaya ba a Amurka. Hukumar sadarwa ta FCC ta kafa ta a 2015, aka soke a 2017, aka dawo da ita a 2024, wata kotun ɗaukaka ƙara ta sake rushe ta a farkon 2025. Indiya ce ta ɗauki mataki mai ƙarfi a 2016, ta hana sayar da data da farashi daban-daban gwargwadon shafin da mutum zai shiga, abin da ya kawo ƙarshen tsarin Free Basics na Facebook, mai ba da damar shiga wasu zaɓaɓɓun shafuka kyauta, a ƙasar. A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da shi a Najeriya.

Ban ce kamfanoni ba su da hujja ba. Turken sabis ɗaya unguwa guda ke rabawa, in mutum biyar irina suka danne shi dare da rana, mai son kiran ɗansa a bidiyo zai sha wahala. Ga kuɗin gas na janareta, ga wayoyin ƙarƙashin ƙasa da masu aikin titi ke tsinkawa. Na yarda a sa iyaka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sa iyaka a ɓoye ta, sannan a rubuta "marar iyaka" da manyan baƙi. Da an ce mini giga kaza ne da cikakken gudu, bayansu gudun zai koma kaza, da na yi lissafina tun farko, da ban yi wa uwar amarya alkawarin ranar da ba zan iya cikawa ba. Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, mai saye ya ƙara samun haƙƙin sanin abin da yake biya wa kuɗi.

Na ci gaba da tsarin wata biyu a gaba don in tabbatar ba tsautsayi ba ne. Duk wata haka yake: farko gudu, tsakiya rarrafe. A wata na uku ma kwana goma sha biyu kacal ya yi, saboda lokacin bukukuwa ne.

Gidan da karatu da hira da ɗan kallo ne kawai bukatarsu, tsarin zai ishe su, ba mamaki ma su ƙare wata ba su lura da komai ba. Amma mai tura manyan fayiloli, ko mai koyarwa ta bidiyo kullum, ina ba shi shawara kada ya biya sai an nuna masa adadin gigan da gudun da za a mayar da shi bayansu, a rubuce. Ni dai na shigar da ƙorafi ta layin NCC na 622 kan yadda aka yi tallar, na kuma koma sayen data mai ƙayyadadden giga don aikin tura bidiyo. Rautar na bar wa yara suna karatun makaranta da ita.