Madigadi da bonet na Peugeot 504: sabo na kwali ko tsohon ƙarfe?

Wa alaikumus salam. Ka tambaya ko sabbin madigadi da bonet na kwali za ka saya wa 504 ɗinka, ko kuwa tsofaffi. Ƙanena, kafin ka tura wa mutumin nan na Duwala ko sisi, tsaya ka ji. Sabbin madigadi biyu da bonet ɗin da ya ce zai ɗoro maka a mota har Marwa, ka ce masa ka gode. Je ka nemi tsohon ƙarfen fijo na asali, wanda za a kwance daga jikin motar da ta mutu a nan arewacin Kamaru. Sabon da tsohon duka na saya da kuɗina, kuma a kan mota irin taka, a-kori-kura 504, don haka abin da na gani da idona nake gaya maka.

Tawa ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Da ita ya yi ta jigilar albasa da gyaɗa tsakanin Garwa da Pitowa da Gider, ranar Alhamis kuma a ɗora mata awaki daga kasuwar Adumri. Bayan rasuwarsa ta shekara 6 a gindin darbejiya, yara na wasan direba a ciki, akuyoyi na shan hantsi a kan bonet. Madigadin dama kuwa tun yana raye wani bijimi ya murƙushe shi.

Da na tashi gyara, sabon madigadi na fara saye. Gaggawa ce ta ja ni, da kuma son in ga abu a kwali. An kawo shi baƙi wuluk yana sheƙi. Toliyena, wanda 'yan Najeriya ke ce wa fanel-bita, ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, sai ya yi ƙara irin ta farantin tasa. Bai ce komai ba, ya dube ni kawai. Da aka ɗora, ramukan noti suka ƙi haɗuwa da na jikin mota. In an daidaita gaba, baya ya goge ƙofa. In an daidaita baya, tsakaninsa da bonet yatsana na shiga har gaɓa ta biyu. Wurin fitila ya fi ko'ina ban haushi. Ka san idon 504 ba zagaye ba ne, ba kuma murabba'i ba, wata kusurwa ce ta daban, kuma a nan ne mai kwaikwayo ke tona wa kansa asiri. Aka faɗaɗa ramuka, aka yanka, aka kunna wutar walda, ƙarfen ya nannaɗe kamar ganda a garwashi saboda rashin kauri. Daga nan sai foti, wanda muke ce wa mastik, aka yi ta shafawa har sai da ido ya yarda.

Bazara ɗaya ta Garwa, wadda zafi ke haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu, da damina ɗaya, fotin ya tsattsage kamar ƙasan fadama. Baƙin fentin nan da ya ruɗe ni ashe na rakiya ne kawai, don kada ƙarfen ya yi tsatsa a hanya. Kuɗin aikin gyara shi ya kusa kamo kuɗin sayensa.

Ba zan ci haƙƙinsa ba: ana samunsa da wuri, kuma ranar da ka saya babu tsatsa a jikinsa. In motar neman abinci ce kawai kake so ta rufe taya ta koma hanya gobe, zai yi. Iyakar abin da zan iya faɗa masa na alheri ke nan.

Laifin ba na toliye ba ne. Ƙarfen asali an buga shi ne a injin matsa na kamfani, da ma'aunin da aka zana motar da shi. Mai kwaikwayo kuwa daga jikin wani madigadin yake ɗaukar siffa, sannan sau da yawa ya rage kaurin ƙarfe don ya rage kuɗi. Kuskuren rabin yatsa a wurinsa, a wurinka ya zama aikin kwana uku.

Tsohon kuwa labarinsa daban. Wani direba ne ya ba ni labarin wata fijo doguwa, irin mai layin kujeru uku da ake haya da ita a da, tana kwance a wani gida a ƙauye gaba da Figil. Na ɗauki toliye da akwatin sifanarsa muka tafi. Mai gidan dattijo ne, ya haura 70, tsohon direban tasha. Injin ne ya buga tun da daɗewa, ya tura ta ƙarƙashin rumfar zana, kaji suka mayar da kujerar baya akurki. Rana ta cinye fentin har ya koma kalar koko. Na zura hannu ta ƙarƙashin madigadin na shafa cikinsa: ƙura ce kawai da gidan zanzaro, ƙarfen sumul. Toliye ya danna da babban yatsa iya ƙarfinsa, ko motsi bai yi ba.

Baba bai yarda an yi maganar kuɗi ba sai da muka sha shayi zagaye uku, ya ba mu labarin yadda yake hawa tsaunin Mbe zuwa Ngawundare da fasinja cike da kaya a sama, ba tare da ta yi zafi ba. Na san ana ƙara gishiri a irin wannan labarin, amma wa zai katse dattijo? A ƙarshe ya sallama mini madigadi biyu da bonet da ƙofar hagu, da sharaɗin in an gama fenti in kawo motar ya gani. Kwancewar ta ɗauke mu daga azahar zuwa la'asar, muna ɗiga baƙin mai a kan kowane noti don kada ya karye. Washegari a gareji aka ɗora madigadin, kowane rami ya faɗa kan ɗan'uwansa, ba guduma, ba wuta. Aka rataya ƙofar, na tura ta da yatsa biyu, ta ce ɗuf, irin ƙarar da na saba ji tun ina yaro in mahaifina ya dawo daga kasuwa. Na cika alkawari na kai wa dattijon ita. Ya zagaye ta sau biyu, ya dafa bonet ɗin ya ce, "To, ka koma aiki."

Abin da zai sauƙaƙa maka nema shi ne ba dole sai a-kori-kura ba. An fito da 504 a Faransa a 1968, a-kori-kurarta ba ta zo ba sai 1979, kuma gabanta gaban 'yan'uwanta ne. Bonet da madigadin gaba na ƙaramar ko na doguwar za su hau taka. Ƙofa ce ke son lura. Na farko-farko hannunsu a waje yake, mai maɓallin dannawa, daga wajen 1975 aka koma hannun da ya nutse a jikin ƙofa, kuma taka irin na biyun ce. Na taɓa karɓar ƙofa mai kyau ƙwarai da aka aiko mini, sai da ta iso na ga ramin hannunta na tsohon yayi ne. Tana nan jingine a zaure har yau. Masu fijo 404 da ke cikinmu, ku kam kada ku wahalar da kanku, bonet da madigadi da ƙofar 504 ba za su hau taku ba.

Sai dai ba kowane tsoho ba. Akwai gwanjon da ke zuwa a kwantena daga Turai, kuma masu sayarwa na cika baki da shi. A can gishiri suke watsa wa titi lokacin ƙanƙara, gishirin ya maƙale a lungunan madigadi da gindin ƙofa yana ci daga ciki. Waje fes, ciki kamar gara ta shiga azara. Motar da ta yi rayuwarta a Duwala ma haka, ruwa kusan kullum ga iskar teku. Mu nan damina 'yan watanni ce, sauran shekara ƙarfe a bushe yake. Motocinmu rana ce ke kashe musu fenti, ramukan hanya su kashe musu ƙafa, amma jiki na nan. Lotsawa ba ta ba ni tsoro, toliye zai fitar da ita da guduma cikin wuni ɗaya. Tsatsar da ta huda kuwa sai an yanke an yi ƙari, kuma ƙari a kan madigadi ba ya ɓuya.

Fara da bayan garejojin Marwa da Garwa, da ƙauyukan hanyar Kayele da Mokolo, ka riƙa tambayar tsofaffin direbobin tasha, su suka san inda kowace gawa take kwance. In ba a dace ba sai tsallaken iyaka. Kamfanin PAN na Kaduna ya ci gaba da harhaɗa 504 har 2006, shekaru bayan an daina ta a Faransa, don haka ta yi yawa ƙwarai a Najeriya. Mubi da Yola sun fi kusa da mu, in ka zurfafa akwai Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Amma ka yi lissafin 'yan duwan, wato kwastam, da kuɗin mota tun daga gida, kuma ka tsaya a kan mai lodi. Bonet ba ya son a kwantar da shi a ɗora masa buhu. A tsaye ake sa shi, a kare kusurwoyinsa da kwali ko tsohuwar katifa. Kada kuma ka yi jinkiri, don 'yan jari-bola sun riga mu shiga ƙauyuka, suna saye a kilo suna sarewa da gatari. Abin da muke nema da fitila, su a wurinsu nauyi ne kawai a sikeli.

Akwatin baya kuwa kada ka ɓata ƙafarka. Duk a-kori-kurar da ta mutu, akwatinta ya riga ta mutuwa, buhun gishiri da taki da fitsarin dabbobi sun gama da shi. Wannan aikin toliye ne. Shimfiɗaɗɗen ƙarfe ne da lanƙwasa a miƙe, ka sayi falle mai kauri ya yanka ya ɗinka, a shafe ƙasansa da jan fentin hana tsatsa kafin a ɗora. Haka ma daɓen cikin gida wajen ƙafar direba. Amma in wani ya ce zai ƙera maka madigadin gaba da hannu daga falle, ka ce ya nuna maka wanda ya taɓa yi, a jikin mota, da rana tsaka.

'Yan'uwanmu na Njamena da Kuseri masu Land Cruiser, ku naku da sauƙi. Tun 1984 ake yin samfurin 70 kuma ba a daina ba, don haka sabo na asali ma ana samu in aljihu zai ɗauka. Ku dai tuna an canza mata gaba a 2007, na bayan nan ba zai zauna a kan tsohuwar ba.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, don harkar nan cike take da masu cin amana. Akwai wanda zai ɗauko madigadin motar da ta yi hatsari, ya cika shi da foti, ya fesa masa baƙin fenti, ya sa a kwali ya ce sabo ne. Akwai kuma mai yin akasin haka: ya ɗauki na kwaikwayo ya fesa masa tsohuwar kala, ya bar shi a rana da ƙura wata biyu, ya ce daga jikin mota ya ciro. Hoton zaki, tambarin fijo, a jikin kwali ba shaida ba ne, ko'ina ana buga shi. Ka ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar sifika, ka naɗe shi a ƙyalle, ka bi jikin kayan da shi a hankali. Inda ya saki ko ya yi sanyin kamu, foti ne a wurin. Ka juya bayan ka duba, don mai ha'inci gaba yake yi wa kwalliya, sawun guduma da ɗinkin walda suna nan a ciki. Ƙofa kuma ka kifa ta ka dubi gindinta, wajen 'yan ramukan da ruwa ke fita. In ka ga fenti ya yi ƙuraje a wurin, soka masa sukudireba, in mai kaya ya hana ka, ka san dalili. Ka ɗaga ka ji nauyi, wanda ya taɓa riƙe na asali ba zai manta ba.

Hoto a WhatsApp kuma ba ciniki ba ne. Ƙofar nan da ke zaurena ta haka na same ta: na ga hoto daga gefe ɗaya, na tura kuɗi ta waya, da na kira in yi ƙorafi lambar ta daina shiga. Wani abokina shi madigadin hagu biyu aka aiko masa. In dole sai daga nesa, ka samu naka a garin ya je ya taɓa da hannunsa, kuɗi kuma sai kaya sun hau mota. Kayan da aka kawo maka da dare a farashin banza, ba a san daga jikin motar wa aka kwance ba, ka bar su, kada wata rana mai su ya gane abinsa a jikin motarka a tsakiyar kasuwa.

In ka samu, kada ka sayi fenti tukuna. A ɗora komai a ɗaure, a buɗe a rufe, a ga tazarar bonet da madigadi ta yi daidai hagu da dama, sannan a sake kwancewa a kankare har farin ƙarfe. Ni sai da na biya kuɗin fenti sau biyu kafin na koyi wannan.

Sabon nan nawa na kwali yana nan, shi na rufe wa kaji saman akurki da shi. In ka shigo Garwa ka biyo ta Yelwa ka ɗaga shi, sannan ka ɗaga na jikin motar da ya rage mini guda ɗaya na hagu. In ya yi maka, ka tafi da na hagun, saura na dama da bonet ka nema.