Sharhi: but ɗin gwanjo da nake hawa duwatsun Shere da shi ni kaɗai

Masu tambaya ko takalmin hawa dutse na gwanjo yana yi ko asarar kuɗi ne, to ni dai nawa ya yi, amma fa da sharaɗi. But ne mai rabin wuya, fata da yadi a haɗe, lamba 43, a Katako na same shi nan Jos ranar da aka fasa sabuwar dila. Kuɗin da na biya ko kusa da na sabo bai yi ba, dama sabon irinsa sai dai ka yi oda daga waje ka jira. Sunan kamfanin da ya ɗinka saman duk ya goge, abin da ya sa na ɗauka shi ne ɗan tambarin nan rawaya da ke ƙasan tafin, na Vibram. Kamfanin Italiya ne, wanda ya kafa shi, marigayi Vitale Bramani, mahayin dutse ne, a 1935 abokansa shida suka rasu a tsaunukan Alps aka ɗora wani ɓangare na laifin a kan takalman da suka sa, shi ne a 1937 ya fito da tafin roba mai haƙora, kafin nan tafin fata ake bugawa ƙusoshi. A lura dai jabun tambarin nan ya cika kasuwa, ka sa farce ka danna robar ka ji, ta gaske tana ɗan lotsawa ta dawo, ba ta ƙyalli kamar ta bokiti.

Inda na fi gwada shi Shere ne, gabas da gari, wajen kilomita 10, ta hanyar Lamingo. Jos kanta tana sama da mita 1,200, ƙololuwar Shere kuma ta kai mita 1,829, don haka ba wani hawa ne na kwana da kwanaki ba, yini guda ya isa har ka dawo ka yi la'asar a gida. Abin da nake so da wurin shi ne rabinsa tafiya ce a ƙasa cikin ciyawa da gonaki, rabinsa kuma manyan duwatsu ne jibge kan juna da sai ka sa hannu ka sa ƙafa, ba igiya ba komai, kuma a nan ne takalmi yake nuna halinsa.

A kan falalen dutse busasshe wallahi ba ni da ƙorafi. Dutsen Shere mai kaushi ne, in ka shafa za ka ji ƙwayoyinsa suna kartar hannu, robar nan kuma kama su take yi ƙam. Sai dai dole ka yarda da takalmin, ka shimfiɗa tafin gaba ɗaya ka tsaya a miƙe nauyinka a kan ƙafa, don in tsoro ya sa ka kwanta jikin dutsen ka rungume shi to nauyin ya bar tafin kenan, a nan ake zamewa, kuma ba laifin takalmi ba ne. Wurin tsaguwa ma ya burge ni, gefensa yana da tauri, sai ka cusa bakin takalmin cikin tsagar da ba ta fi faɗin yatsu uku ba ka murɗa kaɗan ka taka ka miƙe bai lanƙwashe ba. Kanbas ɗin motsa jiki da nake sawa a da nan take yake naɗewa yatsu su sha wuya. Akwai kuma roba da ta zagaye gaban yatsu, tuntuɓe nawa na yi ban ji komai ba.

Wuri biyu ne ba ya taimako. Na farko tsakuwar nan ƙanana da dutsen ke zubarwa in ya ruɓe, tana taruwa a gindin falale da kan gangara, taka ta kamar ka taka gero a kan siminti ne, ko wane irin tafi gare ka. Na biyu jiƙaƙƙen dutse. Da damina, musamman Yuli da Agusta, duk inda ruwa ke bi za ka ga baƙin layi a jikin dutsen da gansakuka, wannan layin ko ya yi kamar ya bushe kar ka taka, ka zagaya. Ni da damina ma tafiyar ƙasa kawai nake yi, in bar hawan da ake sa hannu sai Nuwamba zuwa Fabrairu, kodayake shi ma lokacin hazo yana cinye maka kallon, ka sha wahala ka hau ka ga fari fat maimakon dam ɗin Lamingo da garin Jos.

Yanzu sharaɗin. Takalmin gwanjo ba ka san shekararsa nawa a ajiye ba, kuma abin da ke mutuwa ba tafin ba ne, soson da ke tsakanin tafi da saman ne da kuma gam. Wani irin soson in ya daɗe yana shan laima sai ya ruɓe ya riƙa marmashewa, takalmin a ido sabo fil, ka yi awa guda a dutse tafin ya ɓare gaba ɗaya ya bar ka da safa. Don haka tun a gaban ɗan gwanjo ka lanƙwasa shi sosai, ka danna soson da babban yatsa, in ya tsage ko ya bar gari a hannunka ajiye masa kayansa ko nawa ya rage. Nawa soson lafiya lau, gam ɗin ne ya saki ta gaban ƙafar hagu ina tsakiyar saukowa, baki ya buɗe yana kwasar tsakuwa, da igiyar jaka na ɗaure shi na ƙarasa. Shumeka ya sa gam ya bi da ɗinki ya zagaye, tun daga nan bai sake ba, sai dai ramukan allurar yanzu suna shigar da ruwa, raɓar safe kaɗai tana jiƙa safa. In da zan ba da shawara, ka kai a ɗinke tun kafin fitar farko.

Yana da nauyi, kuma da zafin Maris ƙafa dahuwa take a ciki. Dunduniya ta yi bororo a farko kafin mu saba. Ka sayi wanda ya ɗara lambarka da ɗaya, ka gwada da safa mai kauri, don a gangara ne yatsu ke zuwa su daki gaba, farce ya yi baƙi. Kafin ka fara saukowa ka zauna ka sake tamke igiyar ta wajen idon sawu. Wuyan nan nasa ya tare ni daga targaɗe ba sau ɗaya ba, kuma cikin doguwar ciyawa hankali ya fi kwanciya, don akwai macizai, kasa ma ba ta gudu in ta ji motsi, kwanciyarta take yi.

Ga mai son fita shi kaɗai, yadda nake yi shi ne in bar gida da an idar da asuba, ruwa lita biyu zuwa uku, dabino da ƙuli-ƙuli, waya cike da caji, in gaya wa mutum ɗaya a gida ta inda zan bi da ƙarfe nawa zan dawo, don netwok yana ɗaukewa tsakanin duwatsu. In na iso ƙauyukan Jarawa na gindin dutsen sai na tsaya mun gaisa na tambayi hanya da yadda gari yake, kun san halin tsaro a Filato, labarin safiyar ranar ya fi duk wata taswira, kuma akwai wuraren da mutanen ba sa son baƙo ya shiga. Kar ka tsallaka shingen kyarana na gonar mutane, ban da rashin ladabi ruwanta in ya shiga ido bala'i ne. Wanda bai taɓa zuwa ba gara ya fara bin 'yan tawaga ko ya tambaya a makarantar horon 'yan Man O' War da ke wurin, in ya gane hanya sai ya dawo shi ɗaya. Kuma duk dutsen da ka hau da ƙyar ka tuna saukarsa ta fi wuya, ba ka ganin inda za ka sa ƙafa, in ka yi taku biyu ka ji ba za ka iya komawa baya ba to nan ne iyakarka ta ranar.

Na Zariya kuna da Kufena ta wajen Wusasa, shi ma falale ne mai kyau, rabin yini ya isa, takalmin nan ya yi daidai da shi. Dala a Kano matakala ce, silifas ma ya isa, sai dai don gina ƙafa. Zuma da dutsen Wase kam ba na mutum ɗaya ba ne, kar wani ya ce ya sayi but ya nufe su.

Haƙoran tafin nawa sun fara cinyewa ta gefen waje. Shumeka ya ce zai yanko tayar mota ya manna min, na ce a'a, ban yarda tayar za ta kama dutse kamar wannan robar ba, kuma kaurinta zai hana ni jin abin da nake takawa. In ya gama cinyewa gona zai koma.