Zakka ko tallafin gwamnati: wanne ya fi kai wa talaka?

Akwai masu cewa da attajiranmu za su fitar da zakka yadda Allah ya ce, ɗaya bisa arba'in na dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, ba sai gwamnati ta raba wa kowa sisi ba. Maganarsu tana da ƙarfi. Mai zakka ya san gidan bazawarar da ke bayan layinsa, ya san marayan da aka kora daga makaranta saboda kuɗin jarrabawa. Babu fom, babu lambar NIN, babu ɗan siyasa a tsakani. Ga kuma aya ta 60 a Suratut Tauba da ta fayyace rukunin mutane takwas da suka cancanci karɓar zakka.

Sai dai zakka tana bin inda masu kuɗi suke. Kano tana da 'yan kasuwar Kwari da Singa, amma ƙauyen da 'yan bindiga suka hana noma a Zamfara wa zai fitar masa?

A nan nake ganin tallafin gwamnati ya zama dole. Gwamnati ce ta cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na masara suka tashi lokaci guda, don haka ita ce da alhakin rage raɗaɗin. Naira 25,000 a wata na tsawon wata uku da gwamnati ta yi wa talakawa alkawari a 2023 ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba, kuma tsohuwar da ba ta da asusun banki sau da yawa labarin kawai take ji a rediyo. Wannan yana min ciwo ƙwarai. A gyara rajistar waɗanda za a ba tallafin, a bi gida-gida tare da masu unguwanni.