ProtaStructure a ofishinmu: abin da na gani bayan na yi aiki da ita

Injiniyoyin gini da yawa a Najeriya da manhajar kwamfuta mai suna Orion suka koyi lissafin bene, ni ma haka. Bayan kamfanin Trimble ya sayi CSC, kamfanin da ke sayar da Orion, a 2013, aka daina sabunta Orion, sai jama'a suka rabu: wasu suka koma Tekla Structural Designer, wasu kuma ProtaStructure ta kamfanin Prota da ke Ankara a Turkiyya. Ni ta biyun na zaɓa, domin duk wanda hannunsa ya saba da Orion ba zai yi baƙunta a cikinta ba.

Kana shigo da zanen mai tsara gida daga manhajar zane ta AutoCAD, ka ja layukan gini, ka dasa fila, ka ɗora bim da dakin (wato rufin kankare), hawa bayan hawa, ga ginin tsaye a gabanka kana juya shi ta kowace fuska. Tana lissafi da BS 8110, kundin ƙa'idojin ginin kankare na Ingila, wanda har yau shi yawancinmu ke bi duk da Ingila ta janye shi a 2010, tana kuma yi da Eurocode 2, takwaransa na Turai. Idan mai gida ya ce a gusar da fila don falo ya ƙara faɗi, cikin mintoci za ka ga bim ɗin da ya gaza, domin zai yi ja a allo. Da can aikin yini guda ne da kalkuleta.

Abin da ya fi burge ni shi ne ProtaDetails, mai fitar da zanen rodi da jadawalin yanka da lanƙwasawa. Rodi a kasuwa mita 12 yake zuwa, kuma da wannan jadawali mai ɗaurin rodi yana sanin inda zai sa almakashi, guntaye ba sa taruwa a gefe. Ina dai sake gyara zanen kafin ya fita, in ƙara girman rubutu, in rarraba layukan, saboda a filin aiki da rana tsaka ake karanta shi, takarda duk ƙura.

Inda nake so 'yan'uwa su natsu shi ne wurin cika bayanai. Manhaja ba ta san rodin da aka sauke maka ba. Idan ka rubuta cewa ƙarfin rodin 460 ne (a ma'aunin N/mm²) alhali gwaji ya nuna bai kai ba, lissafin zai fito tsaf, ginin kuwa yana da rauni. Shi ya sa da yawanmu muke saukowa 410, muna kuma tura samfuri ɗakin gwaji. Haka kankare: wanda aka kwaɓa da shebur, ana ƙara ruwa don ya yi saurin zuba, da wuya ƙarfinsa ya kai 25 ɗin da ka rubuta. Ƙasa kuma ita ce babba. A sassan Borno da Adamawa akwai baƙar laka mai kumbura da damina, ta tsattsage da rani; wanda ya ƙiyasta ƙarfinta daga kan kujera ya zana fandisho, ya ɗauki alhakin rayuka.

Don haka duk aikin da na gama, sai na ɗauki bim ɗaya da fila ɗaya na lissafa da hannu bisa BS 8110: nauyin gini sau 1.4, nauyin mutane da kaya sau 1.6, in gwada da abin da kwamfuta ta ba ni. Ɗalibi da sabon injiniya su ma su yi haka kafin su amince da allo. A kuma sayi lasisi na halak, domin kwafin sata babu mai sabunta maka shi, babu wanda za ka tambaya idan sakamako ya rikice, kuma hatiminka na COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, shi ne a kan takardar.