Mitar kamfani ko ƙaramar mita: amsa ga mai gidan haya a Mabera

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ce gidanka na Mabera sassa huɗu ne, duk a kan mitar kati ɗaya, kuma kowane wata sai 'yan haya sun yi cacar baki a kan wanda ya fi shan wuta. Kana tambaya ko ka nemar wa kowa mitarsa daga kamfani, ko ka sa ƙananan nan da masu gyaran wuta ke ce wa sab-mita.

Aikinsu ba ɗaya ba ne. Mitar kamfani tsakanin mutum da Kaduna Electric take, kamfanin da ke raba wuta a Sakkwato, Kebbi, Zamfara da Kaduna. Mai ita yana da asusunsa, ya sayi lambobi 20 ya danna, in yunit ya ƙare shi kaɗai zai kwana a duhu. In aka zalunce shi yana da damar kai kuka ofishin kamfani, daga nan har NERC, hukumar da ke sa ido a kan harkar wutar lantarki. Ƙaramar mita kuwa bayan babbar ake ɗaura ta, kamfani bai san da zamanta ba. Lissafi ne tsakaninka da 'yan hayarka kawai. In babbar ta ƙare, kowa ya shiga duhu, har wanda ya biya nasa tun farkon wata, kuma ƙofarka za a buga.

Wajen kuɗi da sauri ƙaramar ta fi. A kasuwa ake sayenta, mai gyara ya ɗaura a wuni ɗaya. Ta kamfani sai ka cika takarda, a zo a duba gida, a raba wa kowane sashe layinsa, sannan ka jira. Tsarin samar da mita na MAP da aka kawo a 2018 ya ba mutum damar biyan kuɗin mita da kansa, kuma ƙa'ida ta ce a riƙa mayar masa da kuɗin sannu a hankali ta hanyar yunit.

Ba kowace mitar kati ce ta zamani mai aika bayanai ba. Ita ta zamanin tana da layin sadarwa a ciki, tana gaya wa kamfani abin da aka sha da lokacin da aka sha shi, in an taɓa ta kuma su gani daga ofis. A Ingila da irinta ake sayar da wutar dare da araha, mutum ya jinkirta wanki ko dafa ruwa sai an kwanta barci. A nan gidajenmu yunit na azahar da na tsakar dare kuɗinsu ɗaya. Abin da ke bambanta farashi shi ne rukunin layinka: rukunin A alƙawarinsa wuta ta awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E 4. A watan Afrilun 2024 aka kai yunit na rukunin A naira 225 kafin a ɗan rage shi. Don haka kada wani ya ce maka mitar zamani za ta rage maka kuɗi ita kaɗai.

Inda ƙaramar mita ta fi burge ni shi ne tana nuna maka abin da ke cin wutar, ba wanda ke ci kaɗai ba. Yunit ɗaya shi ne abu mai wat 1,000 ya yi aiki na awa ɗaya. Fankar sama ba ta cika wuce wat 75 ba, ta kwana awa 8 tana juyawa ba ta ci yunit ɗaya ba. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana iya cin kusan yunit 9 a wannan daren. A bazarar Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, raba kuɗi kashi huɗu daidai zalunci ne ƙarara a kan mai fanka, kuma yawanci shi ne mai ƙaramin ƙarfin gidan. Ga mai sola ma haka ne. In ya san abin da firiza, dutsen guga da injin tura ruwa ke ci, sai ya mayar da guga da cika tanki zuwa tsakar rana lokacin da farantin sola ke bayarwa, ya bar wa batir fitila da fanka da dare. Ranar da aka kawo wuta ta ɗan lokaci kuma, ya san abin da zai fara kunnawa.

Shawarata, Alhaji: in kowane sashe da ƙofarsa, da kicin ɗinsa, da wayarin ɗinsa, ka daure ka nemi ta kamfani ko da za a jira, ka fita daga rigimar gaba ɗaya. In ɗakuna ne da ke haɗe a waya ɗaya, ko jiran ya yi tsawo, sa ƙananan. Amma biyar za ka saya, ba huɗu ba. Ta biyar ta injin rijiyar burtsatse ce da fitilun tsakar gida, a raba kuɗinta tsakanin kowa. In ba haka ba, jimillar ƙananan ba za ta taɓa kamo babbar ba, a koma zargin juna.

Farashin yunit kuma ka fitar da shi daga rasit: kuɗin da ka biya, a raba da yunit ɗin da aka ba ka, don harajin VAT na kashi 7.5 yana ciki. Kada ka ɗora riba a kai. In akwai tsohon bashi da ake cirewa duk lokacin da aka sayi wuta, wannan ba na sabon ɗan haya ba ne, ka ware shi. A karanta mitocin rana ɗaya a wata a gaban kowa, a ɗauki hoto a tura wa duk mutanen gidan a WhatsApp.